Kocin Unguwa Ma Ya Cancanci Lambar Yabo

Yau maganar ƙwallo za mu yi, amma kada mai shago ya ce ba ruwansa, don maganar 'ya'yanmu ce.

A watan Fabrairun 2017 Vincent Aboubakar ya jefa ƙwallon da Kamaru ta doke Masar da ci 2 da 1 a Libreville, aka ɗauko kofin Afirka. Da 'yan wasan suka dawo Yaounde, an kai su fadar shugaban ƙasa a Etoudi, aka rataya musu lambobin yabo. Sun cancanta. Sai dai kowane ɗaya daga cikinsu akwai wanda ya fara koya masa tare ƙwallo a filin ƙasa, tun ba shi da takalmi. Wannan mutumin ba a kiransa Etoudi.

Mu ma a Briqueterie muna da irinsa. Ba zan faɗi sunansa ba don na san kunya za ta kama shi, amma duk mai yaro a unguwar ya gane wanda nake nufi. Tun gashin kansa baƙi yake tara yara bayan la'asar, yau ga furfura. Ba albashi, ba alawus. Ƙwallo ta fashe, shi ne mai kai ta ɗinki. Yaro ya gurɗe, shi ne mai goya shi zuwa gida. Wanda bai je makaranta ba ranar nan ba ya buga wasa, kuma da an kira magariba an tashi. Mu muna kasuwar Etoudi ko Mokolo, wasu na kan hanyar Garoua ko Douala da kaya, shi ke riƙe mana yara a lokacin da masu tallan ƙwaya ke zagayawa.

Al'adarmu ita ce sai mutum ya rasu a fara yabonsa. Ko manyan ma haka ake yi musu. Yaran Najeriya da suka ci kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 16 a China a 1985, ƙarƙashin koci Sebastian Brodrick, sai a 2016 gwamnati ta ba su tukwicinsu. Yemi Tella ya ɗauko kofin 'yan ƙasa da 17 a Koriya ta Kudu a 2007, bayan 'yan makonni ya rasu. In masu kofin duniya suna jira haka, ina ga na unguwa?

To, karramawar wace iri? Allon katako da hoto da jawabi ba sa sayen buhun shinkafa. Ga shawarata.

Na farko, mu yi wa ƙungiyarsa rajista. A dokar FIFA, idan aka sayar da ɗan wasa daga ƙasa zuwa ƙasa, ana cire kashi 5 cikin 100 na kuɗin a raba wa ƙungiyoyin da suka horar da shi daga shekara 12 zuwa 23. Amma sai ƙungiyar da ke da takarda a hukumar ƙwallo, wato FECAFOOT a nan Kamaru, kuma sunan yaron yana cikin littafinta. Ƙungiyar da ba takarda ta yi wa wasu noma ke nan. Mu 'yan kasuwa mun fi kowa sanin cewa kayan da ba rasit, ranar rigima ba naka ba ne.

Rajistar kuma kariya ce. Kun san masu zuwa da kwat da jaka, su ce za su kai yaro Faransa gwaji, uba ya sayar da fili, a zubar da yaron a tashar jirgi. Saboda irin wannan ne tsohon ɗan wasan Kamaru Jean-Claude Mbvoumin ya kafa ƙungiyar Foot Solidaire. Koci mai takarda yana da bakin da zai ce wa dillali, nuna mini taka.

Na biyu, kamar yadda muke zubin adashi, mu ware masa wani abu duk wata, ko jaka ɗaya ɗaya ce daga kowane shago. Na uku, a sa gasar yara ta hutun makaranta da sunansa, yana raye, yana zaune a gaba, tsofaffin yaransa da suka zama direbobi da teloli da malamai su zo su gaishe shi.

Ku da ke Kumasi, Libreville, Abidjan ko Bangui, ku duba zangonku, za ku tarar da irinsa riƙe da usur. Ku tambayi yaranku sunansa, ku je ku same shi kafin Juma'a mai zuwa. Hausawa sun ce yaba kyauta tukwici.

Allah ya albarkaci kasuwa, ya shirya mana zuri'a. Sai mako mai zuwa.