Ruwa a gindin na'urar ɗumama gida ba na gogewa a manta ba ne

Idan kana da ɗa, ƙanwa ko miji da ke zaune a Kanada ko Amurka, wannan bayani nasu ne, ka daure ka isar musu kafin sanyi ya kankama.

Gidaje da yawa a can ana ɗumama su ne da na'ura mai ƙona gas, wadda ake ajiyewa a ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Da yawa daga cikin sababbin samfurin suna mayar da kashi 90 cikin 100 ko fiye na gas ɗin zuwa zafi. Suna yin haka ne ta hanyar tatse zafin hayaƙin har tururin da ke cikinsa ya koma ruwa, kamar raɓar da ke taruwa a murfin tukunya. Ruwan yana da tsami, yana cin ƙarfe, shi ya sa aka yi masa bututun roba da zai kai shi magudana.

Ke nan ruwa a cikin bututun daidai ne. Ruwa a ƙasa shi ne matsala. Galibi datti ne ya toshe bututun, ko ɗan famfon da ke tura ruwan ya lalace, ko ruwan ya daskare a hanya.

Ina ruwan shafin lafiya da wannan? Na farko, funfuna. Kafet ko bango da ya jiƙe na iya fara funfuna cikin awa 24 zuwa 48, kuma iskar na'urar tana zagaya duk ɗakuna. Idan mai asma ya koma neman inhela fiye da yadda ya saba, ko yaro na tarin dare, a duba gidan tare da zuwa asibiti.

Na biyu ya fi haɗari. Tsatsa, tsagewa a cikin na'urar, ko dusar ƙanƙara da ta toshe bututun hayaƙi na iya sa iskar kabon monoksaid ta shiga gida. Ita ce ke kashe iyalai a nan idan aka kunna janareto a cikin gida. Ba ta da wari, ba ta da launi. Alamunta ciwon kai, jiri da tashin zuciya ba tare da zazzaɓi ba, su kama mutanen gida lokaci ɗaya, su yi sauƙi idan an fita. Farasitamol ba ya maganin wannan. A fita waje nan take, a kira 911.

Da zarar an ga ruwa, a kashe na'urar, a busar da wurin, a sanar da mai gidan haya ko a kira ma'aikaci mai lasisi. A riƙa duba ta sau ɗaya a shekara, a kuma sa na'urar ƙararrawa mai gano wannan iska kusa da ɗakunan barci.

Allah Ya kare mu da namu na nesa. Sai mako mai zuwa.