Ba Daƙiƙi Ba Ne, Littafi Ne Bai Samu Ba

 

Duk lokacin da sakamakon WAEC ko NECO ya fito, majalisun Limawa ba su da aiki sai raba 'ya'yan mutane gida biyu: ɗan wane mai ƙwaƙwalwa ne, ɗan wane kuwa daƙiƙi ne, gara a nema masa sana'a tun da wuri. Mu kuma masu kiran kanmu marubuta sai mu garzaya Facebook mu yi ta caccakar malamai da gwamnati. To, laifi tudu ne. Wannan makon bari mu duba wanda muke tsaye a kai.

Yawancin yaran da ke faɗuwa a ƙarshen sakandare, tun a aji biyu ko uku na firamare suka faɗi, ranar da aka tura su gaba alhali ba sa iya karanta layi biyar su faɗi abin da ke ciki. Daga nan kuwa ba wanda zai koma ya koya musu karatu, domin da karatun ake koyar da komai. Ko lissafi ne, sai yaro ya gane tambaya kafin ya taɓa alƙaluma. Shi ya sa tun 2019 Bankin Duniya yake auna talaucin ilimi da tambaya guda: yaro ɗan shekara 10 zai iya karanta gajeren rubutu ya fahimta? Lesin da ake biya wa yaro ana saura wata uku jarrabawa, fafe gora ne ranar tafiya.

Me ke sa yaro ya iya karatu da wuri? Abu biyu muke so mu tsaya a kansu.

Na farko, littafi a gida. A 2010 Mariah Evans da abokan aikinta sun fitar da wani bincike da ya haɗa ƙasashe 27. Sun gano cewa yaran da suka tashi a gida mai tarin littattafai sukan zarce waɗanda suka tashi a gidan da babu ko ɗaya da kimanin shekara uku a karatun boko, ko da iyayen duka biyun matsayinsu ɗaya a ilimi da sana'a.

Na biyu, harshen da yaro ke ji. A nan gida Nijeriya, a Ile-Ife, Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranci wani gwaji da aka fara a 1970, inda aka koyar da yara da Yarabanci tsawon shekara shida na firamare, Turanci yana darasi guda cikin darussa. Yaran ba su gaza a Turanci ba, a darussa da dama ma sun fi takwarorinsu. Wanda ya iya haɗa baƙi a harshen da yake faɗa da ƙannensa da shi, ba zai sake koyon haɗa baƙi ba idan ya je ga Turanci.

Idan aka haɗa biyun, amsar ita ce littafin Hausa da ɗan shekara bakwai zai karanta ya ji daɗi. Wa zai rubuta shi? Mu duba wayoyinmu. Labarin attajiri da 'yar aiki, kashi na ɗaya zuwa na huɗu. Labarin kishiya da boka, shafi tamanin. Ba mu ce a daina ba, kowane allazi da nasa amanu. Amma cikinmu mutum nawa ne ke da labari ɗaya da zai miƙa wa ƙaninsa ɗan aji biyu ba tare da ya tsallake wani shafi ba? Littattafan Mu Karanta da aka raba a firamarorin Bauci da Sakkwato, sai da tallafin Amurka suka samu. Wannan bai ishe mu kunya ba?

Za a ce yunwa, da talla, da aji mai cunkoso, da malamin da ba ya zuwa, su ne tushen matsalar. Gaskiya ne, ba mu musa ba, kuma ba za mu daina faɗa ba. Sai dai waɗannan ba a hannunmu suke ba. Alƙalami kuwa a hannunmu yake.

Za a kuma ce rubuta wa yara ba riba, ba suna. Abubakar Imam don 'yan makaranta ya rubuta Magana Jari Ce a shekarun 1930. Yau wane ne cikinmu ya kama ƙafarsa a suna?

Kayan aiki ba su yi mana ƙaranci ba. Ga duwatsun da suka ba Dutse sunanta, ga dabino, ga hawan salla a Garu, ga hayaniyar kasuwar Shuwarin. Yaron Limawa bai taɓa ganin unguwarsu a cikin littafi ba. Ranar da ya gani, ba sai an ɗaga masa bulala ba.

Ga aikinmu na wannan mako. Kowa ya rubuta labari ɗaya, kada ya wuce kalma 300, jimloli gajeru, don ɗan shekara bakwai. A kiyaye ƙa'idar rubutu, a sa wa ƙ da ɗ da ɓ lanƙwasarsu, domin babba zai gane kofa da ƙofa daga ma'ana, mai koyo kuwa ɓata shi za mu yi. Kafin a turo, a ba yaro na gaske ya karanta da baki. Inda ya yi tuntuɓe, mu gyara rubutunmu, kada mu ce masa daƙiƙi.

Allah ya sa mu dace.