Gurbin da Ya Ƙi Karɓar Shekarun Dattijo

Duk mai aikin shigar da sunayen jama'a cikin kwamfuta a Birnin Ƙonni ko Malbaza ya san wannan ciwon kai. Dattijo zai miƙo takardarsa, an rubuta "né vers 1958", wato wajajen 1958 aka haife shi, gurbin haihuwa kuwa ya kafe sai da rana da wata. Layi ya yi tsawo, sai magatakarda ya danna masa 1 ga Janairu. Ƙarya ta shiga kundi ke nan, kuma daga ranar ita za a riƙa kafa hujja da ita.

Ni ban ga laifin magatakarda ba. A kundin sunaye irin Active Directory na Microsoft da sauran masu bin tsarin LDAP, tun wajen gini ake yanke wa kowane gurbi abin da zai ɗauka. Ƙa'idar RFC 4517 ta 2006 ta jera ire-irensu. Gurbin lokaci yana neman shekara da wata da rana har da awa. Gurbin adadi ba ya yarda lamba ta fara da sifiri, alhali lambar da ɗan kasuwar Ƙonni ke kiran abokin cinikinsa na Illela ta Sakkwato da ita, da sifiri ta fara.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne haruffa. Gurbin IA5String alamomin ASCII 128 kaɗai ya sani, babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ, babu ƴ. Ɗanladi ya koma Danladi, ko alamar tambaya ta zauna a farkon sunansa. Ga kuma gurbin Directory String nan mai aiki da UTF-8, yana ɗaukar haruffanmu duka, ba a ƙara ko dala. Wanda ya gina kundin ne kawai bai tuna da mu ba.

Don haka ina kira ga hukumomin Ƙonni da Malbaza da Illela: kafin a sa hannu a kwangilar kowane kundi, a kawo takardun haihuwa na gaske daga ƙauyuka a gwada. A buƙaci gurbin da zai karɓi shekara ita kaɗai, da gurbin waya mai ɗaukar lambar +227 da ta +234 tare. In manhaja ta kasa rubuta Ƙonni daidai, kada a biya kuɗinta.