Kasuwa Ta Koma Cikin Waya, Mu Muna Ina?



Abu biyu ne suka sa kakanninmu suka riƙe cinikin goro da na shanu tsakanin Arewa da Kurmi shekara da shekaru: labari da amana. Maigida a Sabon Badun, unguwar da aka kafa tun 1916, ya san farashin goro a Shagamu, ya san wanda zai karɓi kaya a Kano, ya kuma san mahaucin da za a ba sa bashi ya biya da wanda ba zai biya ba. A zamanin da wasiƙa ke yin kwanaki a hanya, wanda ke da wannan sanin shi ke da kasuwa. Baƙo ko ya zo da kuɗinsa, sai ya bi ta hannunmu.

Tun da wayar salula ta shigo Najeriya a 2001, labari ya daina zama namu mu kaɗai. Yau mai gidan abinci a Ikeja tana iya kiran manomi a Kura ko Ɗanja ta ji nawa kwandon tumatir ya kwana, kafin tirelarmu ta iso Mile 12. Akwai matasan da ba su taɓa kwana a kasuwa ba, amma sun buɗe shafi a Instagram da WhatsApp, suna karɓar odar albasa da attaruhu da kilishi da ragon layya, a tura musu kuɗi, su kai har ƙofar gida. Sau da yawa kayan daga rumfarmu suka saya. Mu muka sha wahalar hanya, su suka san sunan mai saye da lambarsa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Amanar tana nan, alhamdu lillahi. Sai dai amanarmu ta baki ce, kasuwar yau kuwa shaida take nema a rubuce. A nan ne ake barin mu a baya.

Ba mu manta da farkon 2023 ba. Babban Bankin Najeriya ya sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, ya sa wa'adin 31 ga Janairu, daga baya aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu. Kuɗi suka ɓace daga hannun jama'a har sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Maris cewa tsofaffin su ci gaba da aiki. A waɗannan makonni mai nama da mai shayi da 'yan gwari da ke karɓar taransifa sun yi ciniki. Wanda ya ce shi sai kuɗi hannu ya zauna yana kallon kayansa suna ruɓewa. Tumatir ba ya jiran layin banki. Da yawa daga cikinmu a lokacin muka buɗe asusun OPay ko Moniepoint ko PalmPay, amma da kuɗi suka dawo sai wasu suka koma gidan jiya.

Wasu kuma har yau da asusun yaronsu ko na mai POS na bakin layi suke karɓar kuɗin ciniki. Wannan asara ce babba da ba a ganinta da ido. Duk kuɗin da ya shiga asusu yana barin sawu: rana, adadi, da sunan wanda ya turo. Wannan sawun shi banki ke dubawa kafin ya ba da jari, shi otal da babban kanti ke nema kafin su ba mutum kwangilar kawo kaya. Alhajin da ke sauke tirela uku a mako amma babu asusu da sunan kasuwancinsa, a idon banki ba shi da ciniki. Yaron da miliyoyinsa ke bi ta asusunsa shi ne ɗan kasuwa a takarda. Ranar da aka yi saɓani, ko rai ya yi halinsa, magada ba su da abin nunawa.

Haka littafin bashi. Mun ga abin da ya faru a kasuwar Shasha ta Badun a Fabrairun 2021, da gobarar da kan tashi a kasuwanni kusan kowane rani. Rumfa in ta ƙone ana sake ginawa, amma littafin da ke ɗauke da sunayen masu bashi in ya tafi ya tafi. Ɗaukar hoton kowane shafi da waya a tura wa amintaccen mutum kowace yamma bai kai minti biyar ba.

Mun san dalilan da ake kawowa, kuma ba na banza ba ne. Akwai alat na bogi, an damfari mutane da shi. Maganinsa shi ne kada a saki kaya saboda saƙon da aka nuna a wayar mai saye, sai an buɗe manhaja ko an duba na'urar POS an ga kuɗi sun zauna. Akwai matsalar sabis da cajin banki, har da naira 50 da ake cira a kan turawar da ta kai naira 10,000. To a auna wannan da haɗarin ɗaukar buhun kuɗi daga Legas zuwa Kano, tafiyar kilomita wajen dubu. Akwai tsoron riba, kuma tsoro ne mai kyau. Amma bankin Jaiz ya fara aiki tun 2012, TAJ da Lotus sun biyo baya, duk a kan tsarin da babu kuɗin ruwa. Masu cewa ba su yi boko ba, mutumin da ke riƙe lissafin tirela goma a kansa ba zai gagara koyon danna lambobi huɗu ba. Saƙon murya na WhatsApp ma da Hausa muke yin sa.

Saboda haka muna kira ga shugabannin ƙungiyarmu da sarakunan Hausawa na unguwanni, daga Agege da Idi-Araba da Alaba Rago har Sabon Badun da Fatakwal, da su ɗauki wannan a matsayin aikin ƙungiya. A ware rana ɗaya a wata, bayan sallar La'asar, matasanmu da suka yi karatu su zauna da iyaye. A taimaka wa kowa ya daidaita sunansa na BVN da na NIN, domin bambancin harafi ɗaya yana iya sa a rufe asusu. A nuna yadda ake yi wa sunan kasuwanci rajista a hukumar CAC, a buɗe asusu da wannan sunan daban da na cefanen gida. A ja kunne cewa lambar sirri ba a faɗa wa kowa, ko da ya kira ya ce daga banki yake. Kada a manta da matanmu masu fura da kilishi da turaren wuta da ɗinki a cikin gida, waya ita ce rumfarsu.

Matasa kuma, maimakon data ta ƙare a kallon barkwanci, ku ɗauki hoton kayan babanku, ku sa farashi, ku tara lambobin masu saye. Wannan jerin lambobin jari ne.

Kakanninmu sun bar jaki sun hau jirgin ƙasa da layin dogo ya isa Kano, sun bar jirgi sun hau tirela, ba su ce ba al'adarmu ba ce. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Allah Ya sa albarka a nemanmu, Ya tsare mana dukiyarmu da mutuncinmu. Amin.