Kitso da Lafiyar Kai

A Kurgu da sauran ƙauyukan ƙasar Bagudo, har zuwa iyakar Benin, in salla ta gabato sai a ga 'yan mata sun cika gidan makitsiya. Kitso ado ne, ba mai musu. Amma iyaye da yawa kan ce a ja shi sosai don ya daɗe, wannan kuwa kuskure ne.

Gashi kamar tsiro yake, saiwarsa tana cikin fata. In an ɗaure shi tamau, sai ƙuraje su fito a bakin goshi. In aka daɗe ana haka, gashin wurin ya zube, wani lokaci ba ya komowa har abada. Yarinyar da ta kasa barci daren kitso ba shagwaɓa take yi ba, a sassauta mata.

In kitso ya tsufa a tsefe, a wanke kai da sabulu, a bari ya bushe sarai, sa'an nan a shafa man kaɗe, balle da hunturu. Mataji kuwa kowa da nasa, gama ta nan ƙwarƙwata da makero kan bi daga wannan kai zuwa wancan.