Yadda Gyara da Kunne Ke Kashe Tsohon Babur

A gidaje da yawa na Kano, Zariya da Katsina akwai tsohon babur jingine a zaure, ƙura ta lulluɓe shi: Honda CD175, ko Roadmaster, ko ƙaramar C70, wanda mahaifi ya saya da albashinsa a shekarun 1970 ko farkon 1980. Idan ɗa ya ƙudiri aniyar tayar da shi, abin da yakan biyo baya kusan iri ɗaya ne. Makanike zai buga kik, ya karkata kunne, ya ce ringi ne. Ya canza ringi, ya ɗaure tafet har ƙarar ta ɗauke, mai babur ya biya yana murna. Bayan 'yan watanni hayaƙi ya dawo, ƙarfi ya gudu, bawul ya ƙone. Wannan al'ada ta gyara da kunne ita ce ke ƙarasa baburan da shekara hamsin ta kasa kashewa, kuma laifin bai tsaya ga makanike shi kaɗai ba.

A kan silinda akwai bawul biyu, ɗaya na shigar da fetur da iska, ɗaya na fitar da hayaƙi. Kam ne ke tura roka, roka ta danna bawul ya buɗe, sifirin ya mayar da shi mazauninsa. Kam yana juyi ɗaya duk lokacin da inji ya yi biyu, don haka injin da ke juyi 6,000 a minti yana buɗe kowane bawul sau 50 a daƙiƙa guda. Tsakanin roka da kan bawul an bar 'yar tazara da gangan, milimita 0.05 a irin waɗannan Honda idan inji na sanyi, kimanin kaurin gashi ɗaya. An bar ta ne domin ƙarfe yana miƙewa idan ya ɗauki zafi.

A nan ɓarnar take farawa. Bawul ɗin hayaƙi yana aiki cikin zafin da kan kai digiri 700, kuma mafi yawan zafin nan yana sauke shi ne a ɗan lokacin da ya zauna daram a mazauninsa. Wanda ya ɗaure tafet don inji ya yi shiru ya hana bawul zama. Wuta za ta riƙa tsiyaya ta gefensa tana cin bakinsa har ya tsage. 'Yar ƙaras-ƙaras ɗin da mai babur ya tsana alama ce ta cewa tazarar na nan. Shirun da ya biya kuɗi ya saya kuwa shi ne mafarin ƙonewa.

Ƙarar da ta wuce kima tana da tushe, kuma kunne ba ya iya rarrabe su. Wataƙila fuskar roka ce ta ƙwarzane. Wataƙila tudun kam ne ya lashe, bawul ba ya buɗewa yadda ya kamata. Wataƙila sarƙar taimin ce ta saki. Akwai ma wanda ke yaudarar ma'auni: kan bawul da hancin sukurun tafet sukan yi rami saboda daɗewa, siririn ƙarfen awon tazara ya haye bisa ramin, ya nuna daidai alhali tazarar ta ninka. Sai an kwance an duba da ido ake gane wannan. Gani ya kori ji.

Haka hayaƙi yake. Shuɗin hayaƙi idan an matsa wuta yana nuni ga ringi. Wanda ke fitowa da safe bayan babur ya kwana, ko a gangara idan an saki wuta, yana nuni ga bututun da sandar bawul ke zirga-zirga a ciki: ya buɗe, baƙin mai na zurarowa ta nan. Gwajin ba shi da tsada. A auna matsin silinda, a zuba cokali ɗaya na baƙin mai ta ramin fulogi, a sake aunawa. In matsi ya tashi, ringi ne. In bai motsa ba, a nemi bawul. In an sauke kan silinda, a zuba kananzir a maƙogwaron kowane bawul a ga ko zai yoyo. A ɗaga bawul kaɗan a girgiza shi a ga rawar da yake yi a bututunsa. A auna kaurin sandarsa sama, tsakiya da ƙasa, a auna tsawon sifirin da tudun kam, a kwatanta da iyakar da littafin kamfani ya gindaya. Wasa bawul a bututun da ya buɗe kashe maciji ne ba a sare kansa ba, domin bawul mai rawa ba zai zauna wuri ɗaya sau biyu ba.

Abin da ya fi kowanne haɗari shi ne mazaunin kam. A ire-iren CB100 da CB125S kam yana juyawa kai tsaye cikin alminiyam ɗin kan silinda, babu abin da ya raba su sai siririn baƙin mai. Man nan yana hawa ta wata ƙuntatacciyar hanya, matatarsa kuwa 'yar raga ce da wani kofi mai juyawa da ke tara dauɗa, wanda ba kasafai ake tunawa a wanke shi ba. Ƙurar hunturu ko ɗigon gam ɗin gaskit ya isa ya toshe hanyar. Kam ya ci alminiyam, kan silinda ya tashi daga aiki, kuma na asali ba ya samuwa a kowane shago.

Kamfanin Honda ya san wannan rauni. Injiniyoyinsa sun zagaya kudu maso gabashin Asiya sun tarar mutane ba sa canza baƙin mai a kan kari, sai suka fito da CG125 a 1975, suka sauko da kam ƙasa kusa da mai, da tudu ɗaya mai tura bawul biyu ta sanduna. Da yawa daga baburan China da suka cika titunan Arewa kwaikwayon wannan inji ne mai jure wulaƙanci. A kansu makanikan yau suka koyi aiki, inda kayan gyara ke da araha har ana iya jefar da kan silinda a ɗaura sabo. Hannun da ya saba da wannan sauƙi shi ake miƙa wa injin da ba shi da madadi.

Za a ce kunnen tsohon makanike ilimi ne, kuma gaskiya ne. Kunne yana nuna unguwar da cuta take, amma ba ya faɗin milimita. Za a ce kayan awo suna da tsada, alhali ma'aunin tazara bai kai kuɗin ringi ɗaya ba, na'urar awon kauri kuwa sau ɗaya ake sayenta. Dalilin gaskiya shi ne babu mai biyan kuɗin awo. Ma'aikacin da ba zai yarda likita ya rubuta masa magani ba tare da gwajin jini ba, shi ne zai tsaya kan makanike yana cewa yau yake son babur ɗinsa, ya biya kuɗin kaya ba gardama, ya yi ciniki kan ladan yini biyu na aunawa. Makanike ya fahimci abin da ke kawo kuɗi, ya sayar masa da shiru.

Wanda ya gaji irin wannan babur yana da haƙƙin neman abu uku kafin a sayi ko da wasa ɗaya: a nuna masa kowane ƙarfe da aka ce ya lalace, a rubuta masa awonsa kusa da awon littafi, a tabbatar mai yana isa kam kafin a rufe murfi. Ya biya ladan wannan aiki da kyau. Makaniken da ya ƙi, a ɗauke babur a mayar da shi zaure. Ƙura ba ta ƙona bawul, kuma injin zai iya jiran wanda ya iya awo.