Wanda ya ce babu alƙaluma, bai nema ba

Da wuya a buɗe kundin digirin ɗaliban da ke zaune a Banikanni ba a tarar da koken “ƙarancin alƙaluma” ba. Da wannan hujja ɗalibi zai raba takardun tambayoyi ga maƙwabtansa da abokan ɗaki, ya zana jadawali, ya yanke hukunci a kan Borgu baki ɗaya. Malamin da ya sa hannu a kan wannan aiki ya fi ɗalibin laifi, domin a Jami'ar Paraku ne makarantar ENSPD take, wadda aka kafa don koyar da ƙididdiga da nazarin yawan al'umma.

Alƙaluman suna nan. Binin ta yi ƙidayar jama'a a 1979 da 1992 da 2002 da 2013, kuma IPUMS na ba masu bincike samfurinsu kyauta bayan rajista. Akwai kuma binciken lafiya na EDSB-V na 2017-2018, wanda ya shiga Borgu da Donga, jihar da Jugu ke cikinta. Ana samun fayilolinsa ta shirin DHS idan mutum ya bayyana manufar bincikensa.

Inda gizo ke saƙa shi ne buɗewa. Ɗalibi ya ga fayil mai ƙarewa da .dta ko .sav, Excel ya ƙi karɓarsa, sai ya tafi neman Stata ta sata a shagon kwamfuta. Babu buƙatar haka. R kyauta ce, kunshinta mai suna haven yana karanta fayilolin Stata da SPSS tare da sunayen da aka laƙaba wa lambobi. PSPP ma tana buɗe.sav. Wanda ya juye komai zuwa Excel da gaggawa yakan zubar da waɗannan sunaye, sai 98 da ke nufin “ban sani ba” ya shiga lissafin matsakaici tamkar amsa ta gaske.

Sannan nauyin samfuri. A fayil ɗin mata, mai alamar IR, sai an raba v005 da 1,000,000 an ɗora shi a kan lissafi, tun da ba a ɗebi gidaje daidai da yawan kowace jiha ba. Kason da aka fitar ba tare da shi ba ƙarya ne, ko da ya zo da ɗigo da lambobi biyu a bayansa, abin da ke burge alƙalan kundi ƙwarai.

Ana iya cewa waɗannan fayiloli ba sa amsa kowace tambaya. Haka ne: EDSB-V ta tsaya a matakin jiha, ba za ta faɗi halin Banikanni kaɗai ba, kuma jerin ƙabilunta ya ambaci Dendi da Bariba da Fulani, Bahaushen zango kuwa ya faɗa cikin “sauran”. Ɗalibin da ke son bincike a kan Hausawan Jugu yana da dalilin fita da takardunsa, amma sai kundinsa ya nuna fayil ɗin da ya buɗe, da shafin da ya duba, da abin da ya rasa a ciki.